Yadda zaka zauna lafiya da Kiristan da kuka saɓa a kan Triniti

Cikin duk abubuwan da Kiristoci ke gardama a kai babu wanda ke saurin tada jijiyar wuya kamar maganar Triniti, wato koyarwar da ta ce Allah ɗaya ne cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Mutum biyu zaka gani kowa da Littafi Mai Tsarki a hannu, kowa yana rufe addu'arsa da sunan Yesu, amma kafin minti goma wannan ya ce wa wancan maƙiyin Kristi, wancan ya ce wa wannan mai bautar alloli uku, shikenan an ɓata, gobe ko gaisuwa babu. Kuma dalilin zafin a fili yake, ai maganar ta taɓa wanene Allah da wanene Yesu, duk wanda ya ɗauki bangaskiyarsa da gaske dole abin ya sosa masa zuciya.

Bari in faɗi inda na tsaya tun farko don kada a ce na ɓoye, ni na yarda da Triniti, a kai aka yi min baftisma kuma a kai nake har gobe. Abin da nake so in nuna shi ne yadda mutum zai riƙe abin da ya gaskata da hannu biyu kuma bai wulaƙanta ɗan'adam ba. Duk abin da zan faɗa ya hau kan wanda bai yarda da Triniti ba shi ma, tunda haƙuri da juna in mutum ɗaya ne kawai yake yinsa ba ya daɗewa.

Ka fara sanin da wa kake magana

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa duk wanda bai yarda da Triniti ba a ce ai duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ko kusa. Shaidun Jehobah sun ce Uba kaɗai ne Allah Maɗaukaki, Yesu shi ne halittarsa ta farko kuma ta wurinsa aka yi sauran abubuwa, ruhu mai tsarki kuwa ikon Allah ne mai aiki, ba a lissafa shi a matsayin wani mai rai na dabam. To ka ɗauki 'yan Fentikos masu koyarwar ɗayantaka, waɗanda ake ce wa masu "Yesu kaɗai", su akasin haka ma suke faɗa gaba ɗaya, sun ce Yesu Allah ne ɗari bisa ɗari, shi ne Uba shi ne Ɗa shi ne Ruhu, Allah ɗaya ne yake bayyana kansa ta hanyoyi uku, shi ya sa suke baftisma da sunan Yesu kawai bisa Ayyukan Manzanni 2:38. Wannan gardamar ta taso ne a Amurka daga 1913, har a 1916 cocin Assemblies of God ta rubuta matsayinta a kan Triniti, fastoci sama da 150 suka fita. Sai kuma Mormon, su sun ce Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne daban daban, haɗin kansu na nufi ne da manufa, kuma Uba da Ɗa suna da jiki. Sai masu cewa Yesu mutum ne cikakke da Allah ya zaɓa ya ɗaukaka, bai wanzu ba kafin a haife shi, irin su Kristadelfiyan.

Kaga kenan in ka zo wa ɗan Fentikos na ɗayantaka da ayoyin da ke nuna Yesu Allah ne, zai ta gyaɗa maka kai ne yana cewa amin, don ba a nan kuka rabu ba. In kuma ka ce masa ai ku kun ƙasƙantar da Yesu, to ka yi masa ƙazafi, kuma daga nan ba zai ƙara jin komai daga bakinka ba. Saboda haka tambaya ce farko. "Ɗan'uwa, a fahimtarka wanene Yesu kafin a haife shi? Da yake addu'a a Getsamani da wa yake magana? Ruhu Mai Tsarki fa, yana ji yana magana ko iko ne kawai?" Ka yi tambayar ka yi shiru ka ji amsa har ƙarshe, kada ka riƙa shirya martani a zuci yana cikin magana. Yakubu 1:19 ta ce mutum ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana, ya yi jinkirin fushi, kuma ban san inda ayar nan ta fi dacewa ba kamar nan.

Ka maimaita masa maganarsa har sai ya ce eh haka ne

Wannan shi ne abin da na fi ba muhimmanci a duk rubutun nan. Kafin ka ƙaryata abin da mutum ya gaskata, ka faɗa masa shi da bakinka yadda shi da kansa zai ce "yawwa, abin da nake nufi kenan". In bai ce haka ba to baka fahimta ba tukuna, ka sake tambaya.

A ce wata baiwar Allah daga Shaidun Jehobah ta ƙwanƙwasa maka ƙofa, kun zauna, ta buɗe Yohanna 14:28 inda Yesu ya ce Uba ya fi shi girma, ta ɗora da Yohanna 17:3 inda ya kira Uba Allah makaɗaici na gaskiya. Kai kuma a maimakon ka yi tsalle ka faɗa Yohanna 1:1 wadda ta ce Kalman nan Allah ne, sai ka ce mata "'yar'uwa bari in ga ko na gane, abin da kike tsoro shi ne kada a ba wani ɗaukakar da ta Uba ce shi kaɗai, kuma kina ganin Yesu da kansa ya nuna yana ƙarƙashin Uba, haka ne?" Zaka ga fuskarta ta saki, don ta zo ne a shirye da faɗa sai ta tarar da wanda ya ji ta. Daga nan kai ma kana da haƙƙin ka ce mata to ke ma ki faɗa min abin da na gaskata. In ta ce kun ce Allah uku ne, sai ka ce a'a sake dai, mu ma da Maimaitawar Shari'a 6:4 muke farawa, Ubangiji Allahnmu ɗaya ne, abin da muke cewa shi ne Allah ɗayan nan Uba ne da Ɗa da Ruhu tun fil azal, Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, amma allahntakarsu ɗaya ce ba a raba ta. Ba dole ta yarda ba fa. Amma aƙalla in zata ƙi, abin da ka gaskata na ainihi zata ƙi, kai ma haka.

Yawancin faɗan da ake yi a kan Triniti in ka duba da kyau kowa da abin da ya ƙirƙira a kansa yake faɗa, ainihin mutumin yana zaune a gabansa ba a ma taɓa maganarsa ba.

Ka zubar da hujjojin da ba su da ƙarfi, ko da na gefenka ne

Mu masu Triniti akwai abubuwan da ya kamata mu daina. Misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, ko misalin mutum ɗaya da yake uba a wurin 'ya'yansa, miji a wurin matarsa, ɗa a wurin iyayensa, waɗannan in ka lura koyarwar ɗayantaka suke koyarwa, irin wadda aka danganta wa wani malami Sabeliyus tun ƙarni na 3 ikilisiya ta ƙi ta, mutum ɗaya mai fuska uku. Misalin ƙwai kuma, ɓawo da fari da gwaiduwa, yana yanka Allah gida uku ne kamar kowanne kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya yi karatu a ɗaya gefen zai kama ka da su nan take, kuma da gaskiyarsa. Gara ka ce babu wani abu a halitta da ya yi daidai da Allah, ga dai abin da nassi ya sa muka faɗi haka.

Sai 1 Yohanna 5:7, wadda a wasu tsofaffin fassarori irin King James ta 1611 take cewa akwai uku masu shaida a sama, Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki, ukun nan ɗaya ne. Wannan jimlar babu ita a tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Helenanci. Erasmus, wani masani ɗan Holan da ya buga Sabon Alkawari na Helenanci a 1516 bai sa ta ba, sai a bugu na uku a 1522 ya sa bayan an taso shi a gaba, shi ya sa yawancin fassarorin yanzu suka cire ta ko suka mai da ita ƙasan shafi. Kada ka dogara da ita. Matiyu 28:19 tana nan, 2 Korintiyawa 13:14 tana nan, maganar Toma a Yohanna 20:28 da ya ce wa Yesu Ubangijina da Allahna tana nan, Filibiyawa 2:6 zuwa 11 tana nan, sun ishe ka magana. In aka ce maka kalmar Triniti babu ita a Littafi Mai Tsarki, ka ce gaskiya ne babu, suna ne da aka ba abin da aka tattaro daga ayoyi. In aka kawo Markus 13:32 inda Yesu ya ce ko Ɗan bai san ranar ba sai Uba, kada ka yi kamar aya ce mai sauƙi, ka ce wannan tana da nauyi, ga yadda muke fahimtarta ta wajen zamansa mutum, kuma na gane dalilin da ya sa take damunka. Wanda ya iya cewa "wannan ayar tana min wuya" shi ake yarda da shi in ya ce "wannan kam a fili take".

Ku ma 'yan'uwa da ba ku yarda da Triniti ba akwai taku. Maganar wai Sarki Konstantin na Daular Rum ne ya ƙirƙiro Triniti a taron bishop-bishop da ya kira a garin Nikiya a 325 bata tsaya ba, don Tartuliyan na Kartej a Arewacin Afirka ya riga ya yi rubutu da wannan kalmar sama da shekara 100 kafin taron Nikiya, Tiyofilus na Antakiya ma ya yi maganar ukun tun wajen 180. Abin da yake gaskiya a maganarku shi ne marubutan farko ba duka suke magana da kalmomin Nikiya ba, wasunsu sun sa Ɗa ƙasa da Uba ta wata fuska, kuma an ɗauki lokaci kafin a tsai da kalmomi, ita kanta shaidar bangaskiya ta 325 abin da ta ce a kan Ruhu Mai Tsarki ɗan guntu ne, sai a taron Konstantinoful na 381 aka faɗaɗa. Ku faɗi wannan, tarihi ne. Amma kiran ɗan'uwanku arne ko mai bautar gumaka alhali kuna ji yana cewa Allah ɗaya ne, wannan zagi ne kawai.

Ka san abin da aka riga aka gwada

Dalilin da ya sa maganar nan take min nauyi a zuciya shi ne tarihin da ke bayanta, don an riga an gwada tilas, an gwada kora, an gwada wuta. Ariyus firist ne a Iskandariya ta Masar, ya koyar da cewa akwai lokacin da Ɗa bai kasance ba, taron Nikiya ya la'anci koyarwar aka kore shi. Ba a jima ba iska ta juya, shi kansa Konstantin a 337 bishop ɗin da ke goyon bayan Ariyus ne, Yusibiyus na Nikomidiya, ya yi masa baftisma, Atanasiyus kuma babban mai kare Nikiya sau biyar ana korarsa daga kujerarsa ta bishop. A 380 Sarki Tiyodosiyus ya mai da bangaskiyar Nikiya dokar daula. Daga baya 'yan ƙabilar Bandal da suka ci Arewacin Afirka, su kuma ba su yarda da Nikiya ba, suka juya suka tsananta wa masu Triniti. Yau gare ka gobe ga ɗan'uwanka, duk wanda sarki ke bayansa shi ke riƙe bulala.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Michael Servetus, likita ɗan Sifen, wanda ya yi rubutu yana ƙin Triniti tun 1531. Katolika suka kama shi a Faransa ya tsere, ya faɗa Jeniba garin John Calvin, babban jagoran Furotesta, nan ma aka kama shi, aka ƙone shi da ransa ran 27 ga Oktoba 1553. Calvin ya nemi a sare masa kai a maimakon wuta, amma kisan kam ya goyi baya. Ka duba fa, Katolika da Furotesta da ba sa ga maciji a lokacin, a kan mutumin nan bakinsu ya zo ɗaya. Wani malami Sebastian Castellio shi ya tashi ya ce kashe mutum ba kare koyarwa ba ne, kashe mutum ne kawai. A 1903 mabiyan Calvin da kansu suka kafa dutsen tuba kusa da inda aka ƙone shi, bayan shekara 350.

A Ingila dokar haƙuri ta 1689 ta ba Furotesta da ba 'yan cocin gwamnati ba damar yin sujada amma ta ware masu ƙin Triniti, sai a 1813 aka cire musu hukunci. Isaac Newton, masanin kimiyyar nan, bai yarda da Triniti ba amma ya ɓoye har ya mutu. A Edinbara ta Sikotilan an rataye ɗalibi Thomas Aikenhead a 1697 yana ɗan shekara 20 bisa laifin saɓo. To duk wannan me ya haifar? Masu ƙin Triniti suna nan har yau miliyoyi, masu yarda da ita ma suna nan, babu wanda wuta ta sauya wa zuciya, abin da ta koya wa mutane shi ne su rufe baki su yi munafunci.

An kuma gwada ɗaya hanyar. A 1568 a garin Torda na Taransilbaniya, cikin ƙasar Romaniya ta yanzu, majalisa ƙarƙashin Sarki John Sigismund ta zartar cewa mai wa'azi ya yi wa'azi bisa fahimtarsa, jama'a su riƙe wanda suka yarda da shi, kada a taɓa kowa saboda addininsa, tunda bangaskiya baiwar Allah ce. Dokar bata game kowa da kowa ba, kuma shi kansa Ferenc Dávid jagoran masu ƙin Triniti a can ya mutu a kurkuku a 1579 bayan ya ce kada a yi addu'a ga Kristi, har da hannun wani na gefensu a kai shi ƙara. Amma cocin da suka kafa tana nan a yankin har yau kusa da ta Katolika da ta Furotesta.

Yau ba mu da wuta a hannu, amma muna da kora daga gida, da hana aiki, da raba aure, da ɓata suna. In ka ji zuciyarka tana son ɗaya daga cikin waɗannan ka tuna Luka 9:54 da 55, da Yakubu da Yohanna suka nemi a kira wuta daga sama a kan ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, juyowa ya yi ya tsawata musu.

Ka raba abin da yake na coci da abin da yake na ɗan'adam

A nan mutane da yawa ke rikicewa, suna ganin in an ce haƙuri ana nufin a ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma faɗin haka raina wa kowa hankali ne. Kowace ikilisiya tana da haƙƙin ta ce ga wanda zai hau bagadinta ya yi wa'azi, ga wanda zai ci Jibin Ubangiji, ga baftismar da ta karɓa. Majalisar Coci-coci ta Duniya tun 1961 ta sa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki cikin sharaɗin shiga. Fadar Batikan a 2001 ta ce bata karɓi baftismar Mormon ba. Su ma ɗaya gefen in ka koma wurinsu sake maka baftisma zasu yi. Duk wannan ba tsanantawa ba ne, iyaka ce, kuma in an gaya maka cikin mutunci kada ka ɗauke shi da zafi. Ita cocin Katolikan da ta ja wannan iyakar ita ce kuma a 1965 a taron Batikan na biyu ta ce ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. Ana iya riƙe biyun tare.

Abin da bai shiga iyakar ba shi ne gaisuwa, dubiyar mara lafiya, ta'aziyya, taimako in an shiga matsala, adalci a wurin aiki, biyan bashi, da kare mutum in ana zaluntarsa. Na san wani zai kawo 2 Yohanna aya 10, cewa wanda bai zo da wannan koyarwa ba kada a karɓe shi a gida, kada ma a gaishe shi. Ka karanta daga aya 7, magana ce a kan masu yawon koyarwa da ke musun cewa Yesu Kristi ya zo cikin jiki, a lokacin da ikilisiya a gidaje take taruwa, karɓar irin wannan malamin yana nufin ba shi wurin koyarwa da guzuri. A fahimtata ayar ta hana ka ba shi bagadi ne, bata ce ka wuce maƙwabcinka yana kwance a asibiti ba. Wanda ya ba mu misalin Basamariye mai tausayi ai da gangan ya zaɓi mutumin da Yahudawa ke ganin koyarwarsa a karkace take.

Kuma in ka ji an hana wata ƙungiya yin sujada, kamar yadda kotun ƙolin Rasha ta haramta ƙungiyar Shaidun Jehobah a 2017, kada ka yi murna wai an rage maka abokan gardama. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, hukumar da ta iya rufe ɗakin taronsu zata iya rufe cocinka.

In abin a cikin gida ne

Nan ne ya fi ciwo. Ɗa ya dawo ya ce ya daina yarda da Triniti, ko mata ta koma wata ƙungiya, ko ƙane ya sake baftisma da sunan Yesu kaɗai. Ranar farko kada a yanke komai, magana zarar bunu ce, abin da uba ya faɗa cikin fushi a daren nan yaron zai riƙe shi shekara da shekaru. Ka ce masa "na ji, abin ya min nauyi, ka ba ni lokaci mu zauna". In an zo zaman a sa masa lokaci da iyaka, awa ɗaya ta isa, aya ɗaya ko biyu a karanta surar gaba ɗaya, a bar tsalle daga wannan littafi zuwa wancan kamar ana jifa. Sauran kwanakin kuma a bar gidan ya zama gida, kada kowace haɗuwa ta koma muhawara.

Addu'a tare tana buƙatar a yi magana tun kafin lokacin. Wasu zasu iya yin Addu'ar Ubangiji tare tunda kalmomin Yesu ne kowa ya yarda da su, wasu kuma lamirinsu ba zai bar su su ce amin a addu'ar wanda ba nasu ba. In ɗan'uwanka ya yi shiru bai ce amin ba kada ka ɗauka raini ne, kai ma in nasa ne ke addu'a kana iya tsayawa cikin ladabi ka yi taka a zuci. Yara kuma kada a mai da su 'yan aike, kada uwa ta ce musu babanku ɗan wuta ne, kada uba ya ce musu mamarku ta ɓata. A gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, Baba ya gaskata kaza, Mama ta gaskata kaza, ga dalilin kowa. Masu shirin aure kuwa tun kafin a ɗaura su zauna su yi maganar baftismar yara da inda za a riƙa sujada, don soyayya bata amsa waɗannan tambayoyin da kanta.

Hukunci na ƙarshe, wa zai tsira wa ba zai tsira ba, ka bar wa mai shi. Kana iya cewa "ina ganin koyarwar nan kuskure ce babba kuma ina tsoro dominka", wannan gaskiya ce da ƙauna. "Kai ɗan wuta ne" kuwa kujerar da ba taka ba ka hau. 1 Bitrus 3:15 da 16 ta ce mu kasance a shirye mu ba da amsa amma da tawali'u da ladabi, 2 Timoti 2:24 da 25 ta ce bawan Ubangiji kada ya zama mai husuma, ya yi wa masu hamayya gyara a hankali.

Fastoci da dattawan ikilisiya, in ɗan cocinku ya fara tambaya a kan Triniti kada ku kira sunansa daga kan bagadi, ku kira shi gefe ku ji tambayar, da yawa ba fita suke son yi ba, amsa suke nema ba su samu ba, sai wanda ya zauna da su ya buɗe musu Littafi ya tafi da su. Ku koyar da abin a sarari a ajin nazari har da ayoyin masu wuya, kada sai wani ya nuna musu a waje su ji kamar an ɓoye musu. In duk da haka ya ce zai tafi, ku gaya masa matsayin coci a fili, ku sauke shi daga koyarwa in yana koyarwa, amma kada ku hana 'yan'uwa gaishe shi, kada ku janye taimakon da kuke yi wa iyalinsa. Haka su ma ƙungiyoyin da ke yanke hulɗa da wanda ya bar su ya koma Triniti, roƙon ɗaya ne gare su. In kun yi ta magana kun ga kuna zagaye wuri ɗaya, murya ta fara hawa, to a tsaya haka, ka ce masa "yau dai mu bar shi a nan, na gode da ka saurare ni". In ya dawo da wata tambaya bayan wata shida ka amsa tambayar da ya yi kawai, kada ka ɗauko tsohon lissafi.